Ajin Dattawa A Mile 2

Edita ya aiko mini da takarda ya ce tun da na bar kwalejin nan ba a ji ɗuriyata ba, in ba da labarin aikin da na ke yi a Ikko, watau Legas. To, aikina na safe ba shi da wani abin ba da labari, koyar da yara ne a wata makarantar firamare a Agege, irin wanda kowannenku zai yi in Allah ya kai mu. Abin da na ke so in ba ku labarinsa shi ne wani aji da na ke taimakawa ran Lahadi bayan la'asar a Mile 2, wanda ƙaramin ɗalibi a cikinsa sa'ar ubana ne. Su goma sha ɗaya ne. Dukansu sun yi zaman kurkuku, dukansu kuma suna ɗauke da irin ciwon nan da ba ya rabuwa da mutum, kamar hawan jini da ciwon sukari.

Wanda bai san Ikko ba sai in kwatanta masa wurin. Mile 2 mahaɗa ce, inda hanyar Oshodi zuwa Apapa ta gitta hanyar Badagry. Manyan motocin kaya da tankokin mai su kan yi jerin gwano a nan suna jiran shiga tashar jiragen ruwa, tun 2023 kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana tasowa daga Marina ya tsaya a nan. Mutanenmu na Arewa suna da yawa a wurin, masu gadi da 'yan dako da masu shayi da direbobi da yaransu. Ba su kai na Agege daɗewa ba, don su na Agege cinikin goro da hanyar jirgi suka zaunar da kakanninsu tun zamanin Turawa. Daga Mile 2 kuwa tafiya kaɗan ce zuwa Kirikiri, inda a ke da gidajen yari uku, babba da matsakaici da na mata. Babban an kafa shi a 1955, an kuma yi shi don mutum 1,056.

A 2019 aka yi sabuwar doka, aka sake wa hukumar gidajen yari suna, ta koma hukumar gyaran hali. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ɗaurarru 2,600 afuwa, cikin waɗanda aka duba har da masu shekara 60 zuwa sama da masu ciwo mai tsanani. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar sakin mutum 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ya riƙe, bayan an tara Naira miliyan 585 an biya musu. A lokacin nan ɗaurarrun ƙasar sun haura 80,000, alhali gidajen ba su isa ɗaukar 50,000 ba, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu jiran shari'a su ke yi, ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Sakin mutum abin murna ne, ba mai musun wannan. Amma fa in an buɗe wa dattijo ƙofa, ba a buɗe wa ciwonsa wata ƙofa dabam ya bi ba, tare su ke fitowa.

Masana na cewa kurkuku yana tsofar da mutum kafin lokacinsa, shi ya sa a ƙasashe da dama ɗaurarre mai shekara 50 ko 55 a kan lissafta shi cikin tsofaffi. Sun kuma gano kwanakin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. A 2007 aka buga wani bincike da aka yi a jihar Washington ta Amurka, aka bi sawun mutum fiye da 30,000 da aka saka, aka tarar a mako biyu na farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'ar jihar fiye da sau goma sha biyu. Yawancin wannan shan ƙwaya ne ya jawo, amma ciwon zuciya na cikin manyan dalilan mutuwarsu. Ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce a tsara aikin lafiya na kurkuku yadda magani ba zai yanke wa mutum ba. Wannan a takarda ke nan. Cikin dattawanmu goma sha ɗaya, da suka fito daga gidaje dabam dabam, biyu kaɗai suka zo da wata takarda mai nuna ciwonsu da maganin da su ke sha.

Ina Bahaushe dattijo zai nufa in ya fito a Ikko? Gida akwai nisa, ga kuɗin mota, ga kuma kunya, wadda ta fi kuɗin mota nauyi. Sai ya nemi masallaci, ko wani ɗan garinsu mai gadi ya ba shi gefen tabarma. A masallaci ne wani tsohon malamin asibiti, mutumin ƙasar Zazzau da ya gama aikinsa a nan Ikko ya zauna, ya lura da su. Ya ga wani ƙafa a kumbure, wani yana fita fitsari kowane lokaci, wani ya yanke jiki ya faɗi cikin sahu. Ya yi wa Liman magana, Liman ya ba da rumfar da yara ke karatun allo. Suka nemi wanda zai iya rubutu a allo da boko da ajami, kawuna da ke sayar da albasa a wurin ya ba da sunana ba tare da ya tambaye ni ba, kamar yadda kawunnai su kan yi.

Mu kan kira malamin asibitin nan Baba Likita, ko da ya ke kullum sai ya ce shi ba likita ba ne. Ranar farko ya kafa sharaɗi guda biyu. Ba a tambayar kowa abin da ya kai shi, kuma abin da aka faɗa a rumfa ba ya fita rumfa. Na ga amfanin wannan daga baya, don cikinsu akwai wanda ya yi shekara takwas yana jiran shari'a aka sallame shi ba laifi, akwai kuma wanda shi da bakinsa ya ce hukuncinsa daidai ne. Hawan jini bai bambanta su ba.

Darasin farko shi ne mafi wuya, kuma har yau mu kan koma kansa. Mutanenmu sun saba da ciwo mai zuwa ya tafi. Zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, ka sha magani kwana uku, ka miƙe. Saboda haka in aka ba mutum maganin hawan jini na wata guda, ya shanye, ya ji kansa ya daina ciwo, sai ya ce alhamdu lillahi ya warke. Baba Likita ya yi ta bayani cewa hawan jini sau da yawa ba ya ba da wata alama, yana nan yana cin jijiyoyi da ƙoda da zuciya shiru, sai ran da ya kayar da mutum da shanyewar ɓarin jiki. Tarin fuka ma, wanda ya ke warkewa kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai an cika wata shida ana sha, in an yanke a tsakiya ya dawo da taurin kai. Suna ta saurare ba wanda ya tanka. Can sai wani dogon dattijo mutumin Gobir, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗaure, ya ce, "Likita, watau dai ɗaurin rai da rai ka yanke mana." Aka yi tsit. Wani ɗan gajere Bahaɗeje da ke gefensa ya ce, "Haka ne, Yaya, sai dai wannan karon kai ne fursunan, kai ne kuma gandiroban. In ka yi barci a bakin aiki ba wanda zai tashe ka." Rumfa ta kwashe da dariya. Ni dai na rubuta maganar nan a littafina, don bayanin Baba Likita na rabin sa'a bai shiga kunnensu kamar yadda ta shiga ba.

Ku lura da abin da ke cikinta, ku da za ku zama malamai. Mutumin da ya yi shekara goma ko goma sha biyar a ɗaure, ba shi ya ke zaɓen lokacin tashinsa ba, ba shi ya ke zaɓen abincinsa ba, in akwai magani ma miƙo masa a ke yi. An kwance masa igiyar sarrafa kansa an ajiye. Ciwon sukari kuwa da hawan jini ba abin da su ke bukata kamar mutum ya sarrafa kansa, safe da yamma, har ƙarshen rai. Likita yana ganinsa minti biyar a wata, sauran kwanakin nan duka shi ne likitan kansa. To, mayar wa mutum da wannan igiya ba aikin allura ba ne, aikin koyarwa ne.

Ba mu muka fara wannan dabara ba. A jami'ar Stanford ta Amurka wata malama mai suna Kate Lorig da abokan aikinta suka tsara irin wannan aji a shekarun 1990. Mako shida a ke yi, kowane zama sa'a biyu da rabi, kuma masu jan ajin mutum biyu ne, waɗanda galibi su ma suna da ciwon, ba likitoci ba. Ingila ta ɗauki tsarin ta shigar cikin aikin lafiyarta a farkon shekarun 2000. A birnin San Faransisko kuma, a 2006, waɗansu likitoci, cikinsu har da Emily Wang, suka buɗe ɗakin shan magani musamman don waɗanda suka fito daga kurkuku, suka ɗauki tsofaffin ɗaurarru aiki su riƙa raka sababbin fitowa. Baba Likita ya karanta labarin waɗannan, ya ɗebi abin da ya dace da rumfarmu. Mako shida dai bai ishe mu ba, mun wuce shi tuntuni.

Abin da muka fi amfana da shi daga tsarin Stanford shi ne alkawarin mako. Kafin a tashi kowa zai faɗi abu guda ƙarami da zai yi kafin Lahadi mai zuwa, ya faɗi yaushe, ya faɗi sau nawa. Ba a yarda mutum ya ce zai kula da lafiyarsa ba, wannan ba alkawari ba ne, fata ne. Sai dai ya ce zai rage sukarin shayinsa na safe daga cokali huɗu zuwa biyu, ran Litinin da Laraba da Jumma'a. Sa'an nan a tambaye shi, cikin goma, nawa ya ke jin zai iya? In ya ce ƙasa da bakwai sai a rage alkawarin har ya zama wanda zai iya cikawa. Mako na zagayowa kowa ya ba da bayani gaban 'yan'uwansa. Wanda ya kasa ba a yi masa faɗa, tambayarsa a ke yi me ya tare shi, sauran su kawo shawara. Sau da yawa shawararsu ta fi tamu, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Aikina shi ne lambobi da kati. Muna da na'urar awon jini guda ɗaya mai batir, wadda 'yan kasuwa suka haɗa kuɗi suka saya. Kowa ya koyi ɗaura ta a damtsen ɗan'uwansa, ya koyi cewa sai mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna, kuma lamba biyu ce ke fitowa, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to magana ta zama ta asibiti. Bakwai cikinsu ba su yi boko ba, amma duk suna karanta ajami, saboda haka na rubuta wa kowa katinsa da ajami, sunan magani kuma da boko a gefe don mai kantin magani ya gane. Wanda idonsa ya yi rauni na zana masa rana wajen maganin safe, jinjirin wata wajen na dare. Na tuna abin da aka koya mana a nan kwaleji game da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, zamanin su Malam Ahmadu Coomassie, cewa babba ba ya koyon abin da bai ga ranarsa ba. Dattijon da ya ce shi ya tsufa da koyon lissafi, cikin mako uku ya iya karanta 158 bisa 96, don lambar jininsa ce.

Batun abinci ya ɗauke mu makonni, kuma nan ne aka fi gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da ɗunƙulen ɗanɗano da kanwa. Faɗin wannan da sauƙi ga mai matar da ke dafa masa. Waɗannan kuwa ba su da murhu, abincin saye su ke ci, burodin Agege da shayi da safe, taliyar leda da dare, wadda ƙullin ɗanɗanonta kusan duk gishiri ne. Su da kansu suka fito da dabaru. A ce wa mai shayi ya zuba rabin ƙullin. A nemi wake ko alale maimakon burodi. Mutum huɗu suka shirya da wata mai abinci ta riƙa ɗebar musu miya kafin ta ƙara gishiri. Da aka zo kan goro kuwa sai da Liman ya sa baki, don Baba Likita ya ce yawan cinsa na sa zuciya bugawa da sauri yana hana barci, Bagobirin nan ya ce shekara goma sha huɗu yana mafarkin goro, ba wanda ya isa ya raba su yanzu. Aka daidaita kan ɓari ɗaya da hantsi. Ni a ganina an yi adalci.

Akwai kuma magungunan ciwon jiki da a ke talla a tire cikin tasha, irin su diklofenak da ibuprofen. Mai dako da mai gadi kusan kullum sai sun sha. Suna ta da hawan jini, suna ɓata ƙoda, suna kuma ƙona ciki. Wannan darasi Bahaɗejen nan ne ya ba da shi, don shi ya taɓa aman jini saboda su.

Masu ciwon sukari su huɗu ne, kuma abin da Baba Likita ya fi ji musu tsoro shi ne ƙafa. Ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya ruɓe, a ƙarshe a yanke. Sai ya ce musu ai Allah ya riga ya ba su lokacin dubawa sau biyar a yini. In an zo wanke ƙafa a alwala, a duba tafin, a duba tsakanin yatsu, a tsane da ƙyalle, kada kuma a yi yawo ba takalmi. Da haka aka gano wani ƙaramin miki a diddigen ɗayansu, aka kai shi asibiti da wuri, ƙafarsa na nan. Sun koyi alamun faɗuwar sukari, rawar jiki da gumi da jiri, kowa yana yawo da dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. Kafin azumi Liman ya zauna da mu ya yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya, Baba Likita kuma ya ce kowa ya ga likitansa tukuna a gyara masa lokacin magani, kuma wanda awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ya sha ruwa nan take, kada ya jira magariba.

Zuwa asibitin ma wani darasi ne. Layi, da lamba, da mai kayan sarki a bakin ƙofa, duk suna tuna musu inda suka fito. Na raka wani dattijo sau ɗaya, ma'aikaciya ta ɗaga murya tana kiran suna, sai na ga ya zame daga benci ya tsuguna a ƙasa, hannu bisa gwiwa. Da muka fito ya ce mini, "Ɗana, jikina ne ya yi, ba ni ba." Tun daga nan aka tsara ba mai zuwa asibiti shi kaɗai, biyu biyu a ke tafiya, kuma kafin ranar a kan gwada a rumfa, wani ya zama likita, wani ya yi tambayoyinsa uku da ya haddace.

Kada ku ɗauka ajin nan ya kawar da wahalarsu. A 2007 masana suka tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi kan irin waɗannan azuzuwa, suka ga suna ƙara wa mutum ƙarfin zuciyar kula da kansa, amma ribar ba mai yawa ba ce, ba su kuma ga shaidar cewa suna rage zuwa asibiti ba. Abin da na gani da idona bai saɓa wa wannan ba. Ilmi ba ya sayen magani. Mutum ya san sarai bai kamata ya yanke ba, amma in aikin gadi ya ƙare sai ya yanke. Sun kafa ɗan asusu, kowa na jefa abin da ya samu, ba ya isa. Da damina muka rasa ɗaya, wanda ya fi kowa kiyaye katinsa, ya faɗi da dare a bakin shagon da ya ke gadi bayan ya yi kwana goma sha biyu ba magani. Bai gaya wa kowa kuɗinsa ya ƙare ba. Allah ya jiƙansa. Bayan jana'izarsa dattawan suka ƙara sharaɗi na uku da kansu, kowace Lahadi kowa ya zazzage maganinsa a tabarma a ƙirga abin da ya rage.

Uku sun koma gida Arewa. Kowanne mun rubuta masa takarda zuwa ga malamin asibitin garinsu, da ciwonsa da magungunansa da awonsa na wata uku. Ba mu ambaci kurkuku a ciki ba, wannan nasa ne, in ya so ya faɗa. Sababbi sun maye gurbinsu, kuma Bagobiri da Bahaɗeje su ke jan ajin yanzu, Baba Likita na zaune gefe yana gyara kuskure.

Saura mata. Kwanan baya wata dattijuwa ta aiko ɗan ƙanenta ya tambaya ko za a auna mata jini, ta ce ita ma ta yi zaman can, kuma ta san waɗansu uku irinta tsakanin Mile 2 da Agege. Ba za su zauna a rumfar maza ba, ba kuwa za su faɗa mana abin da ke damunsu ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matar Liman ta ce za ta ba da tsakar gidanta, Baba Likita ya sami wata tsohuwar ungozoma da ta yarda ta zo. Abin da babu shi ne malama mai rubutu da boko da ajami. In akwai wata cikin 'yan'uwanmu mata da suka gama kwalejin nan wadda aiki ko aure ya kawo Ikko, ko wadda za ta zo hutu wajen dangi, ta bar wa Edita takarda, shi ya san inda zai same ni.